Maƙalai Goma a Aljihun Kimiyo

Ni na kankare sunanta daga kantar takalma, da hannun nan nawa, saboda haka kada wani ya ɗauka wanke kaina na zo yi. Sunana Hosaka. Shekara ashirin da bakwai ina aikin gyare-gyare a makarantar firamaren garinmu. Famfo ya fashe, ni ne. Dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, ni ne. Yaro ya yi amai a baranda, har wa yau ni ne. Labarin Tazawa Kimiyo zan ba ku, matar da na fi yi wa faɗa a duk makarantar, wadda har gobe in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Kimiyo 'yar masunci ce daga unguwar bakin teku. Tana gama sakandare ta shiga kamfanin kifi, ta yi shekara goma sha tara tana farke ciki tana wankewa cikin ruwan sanyi, har yatsunta biyu suka karkace. Mijinta ya rasu tana da shekara arba'in da biyu, ya bar mata uwarsa da ta fara ruɗewa. Ta yi jinyar tsohuwar nan shekara tara. Da safe tsohuwa ta kira ta ɓarauniya, da yamma ta kira ta Mama, ita kuwa duk ta amsa. Ba ta taɓa haihuwa ba. Bayan an yi jana'izar tsohuwar ne ta ga takarda a allon ofishin gari, ana neman mai taimaka wa yara masu buƙata ta musamman a makaranta. Ba a neman shaidar koyarwa, aikin shekara ɗaya ne, in an ga dama a sabunta a watan Afrilu. Ta nema, aka ɗauke ta, aka turo mana ita.

Mace ce mai bin doka har abin ya ba mutum haushi. In aka rubuta kada a taka ciyawa, to ko gobara ce ta tashi sai ta zagaya. Yara in suka ce mata Malama sai ta yi maza ta gyara musu: "Ni ba malama ba ce, Tazawa-san za ku ce." Mu a nan -san ake liƙa wa sunan babba don girmamawa, -chan kuma na ƙananan yara ne. Kullum muna ɗan cacar baki da ita a bakin ɗakin kayan aikina.

"Hosaka-san, bakinka ya fi gudumarka aiki," in ji ta.

"Ke kuma in Shugaban makaranta ya ce ruwan teku zaƙi gare shi, kofi za ki ɗauko," in ji ni.

Sai ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ajiye mini dunƙulen shinkafa ɗaya a kan benci ta wuce.

A shekararta ta biyu aka kawo Kagaya Nagisa aji ɗaya. Yarinya ce 'yar shekara shida, fara sol, ba ta magana sai kalma uku ko huɗu, ba ta kallon idon mutum. Likitoci sun ba abin suna, amma mu abin da muka gani shi ne ba ta iya shiga makaranta. Kullum uwarta ta kawo ta har zauren da yara ke tuɓe takalman waje su sa farare na ciki, nan za ta tsaya. Da an ce ta hau katakon nan ta shiga sai ta zube a siminti tana ihu tana buga kai, ihun da ake ji har filin wasa. Uwar ta yi ta sunkuyawa tana ba kowa haƙuri, har da ni mai riƙe da tsintsiya. Wata biyu ana haka.

Kimiyo ba ta ja ta ba, ba ta lallashe ta ba. Zama take yi a siminti kusa da ita, tana kallo. A nan ta lura cewa in ihun ya lafa, yarinyar takan miƙa hannu ta jera takalman da wasu yara suka watsar, biyu-biyu, baki ɗaya. Wata safiya sai ga Kimiyo a ɗakina, tana murza hannu kamar wadda ta yi sata.

"Hosaka-san, in roƙe ka mana. Gurbin da ke kusa da na Nagisa-chan ba kowa. Ka rubuta mini sunana a wurin."

Na ce, "Ke? A kantar yara? Ina ƙofar ma'aikata take? Yau kuma wa ya mutu?"

"Na tambayi Shugaba, ya yarda."

Ai dama na sani. Na rubuta sunan a farar takarda na liƙa da gam. Washegari Nagisa ta zo ta tarar da manyan takalma farare a gurbin da ke kusa da nata, Kimiyo kuma tana tsaye da safa kawai, tana jira. Yarinyar ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauko takalman ta jera su a gaban Kimiyo, Kimiyo ta zura ƙafa. Ta ɗauko nata ta jera, ta zura. Suka hau katako tare, ƙafar hagu farko. Uwar tana bakin ƙofa ta toshe baki da gyalen wuyanta. Ni kuwa na juya na kama share wurin da na riga na share.

Daga nan Kimiyo ta gano babban abin. Nagisa ba tsoron mutane take ba, ba tsoron makaranta take ba. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne abu ya sauya ba a gaya mata ba. Sai Kimiyo ta kawo igiya da maƙalan shanya, irin na katako da ake maƙale wanki da su. In wani abu zai sauya, sai ta zana shi a kati, ta rataya katin a ƙarshen igiya, ta jera maƙalai goma a gabansa. Kowace safiya Nagisa ta cire ɗaya da hannunta. Ran da maƙalai suka ƙare, abin da ke katin ya faru. Zanen Kimiyo kuwa abin dariya ne, likitan haƙori ya fito kamar kaguwa, amma yarinyar tana ganewa.

Da maƙalan nan Nagisa ta buɗe baki aka duba mata haƙori. Da su ta yi gudu ranar wasanni, duk da bindigar tashi da take tsoro. Da su ta jure lokacin da malamar ajinta ta tafi haihuwa, har ta ɗaga mata hannu. Uwarta ta samu ta koma aikinta na safe a wurin wankin kaya, karo na farko tun da ta haife ta. In za a tafi hutu, Kimiyo takan ba uwar igiya da maƙalai daidai kwanakin hutun, da kati guda wanda ba ya sauyawa: takalma ƙafa biyu a jere, manya da ƙanana. Ban taɓa ganin abin da mutum ya amince da shi kamar yadda yarinyar nan ta amince da igiyar nan ba. Shekara huɗu maƙalai ba su taɓa yi mata ƙarya ba.

To, sai aka zo shekarar da majalisar gari ta ce kuɗi ba su isa ba. Yara suna raguwa, tsofaffi suna ƙaruwa, kwashe ƙanƙara ya cinye kasafi, haka dai suka yi ta faɗa. Masu taimako goma sha ɗaya ne a makarantun garin, aka ce huɗu za a bari. Makarantarmu ba ta cikin masu rabo. Mutanen da suka yanke wannan ba su taɓa zama a simintin zaurenmu ba ko na minti ɗaya, amma an ce sun yi nazari sosai.

Ina ofishin Shugaba ina gyara murhun kananzir ran da ya kira ta, farkon watan Maris. Ni a wurinsu kamar kujera nake, ba a korata in za a yi magana. Ya gaya mata aikinta zai ƙare ƙarshen wata, ya sunkuya, ta sunkuya ta fi shi. Sannan ya ƙara da abin da kowa ya sani: sauyin ma'aikata ba a faɗa wa yara ko iyaye sai jarida ta buga shi a ƙarshen wata, lokacin an riga an tafi hutu. Haka ake yi tun kafin a haife mu.

Sai ta ce, "Shugaba, Nagisa-chan fa? Kwana goma kawai take buƙata. In rataya mata igiya?"

Ya ja iska ta haƙora, ya karkata kai, ya ce, "Ai kuwa... da ɗan wuya." Ya ce in yarinya ta sani uwa ta sani, in uwa ta sani gari ya sani, ga sauran shida da ba a riga an gaya musu ba. Ba mugun mutum ba ne, shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya, ba ya son ofishin ilimi ya kira shi. Kimiyo ta ce ta fahimta, ta ba shi haƙuri da ta dame shi.

Na tare ta a baranda, hannuna duk kananzir.

"Haba, Tazawa-san! Ba za ki rataya ba? Wa zai kama ki? Korar ki za su yi? Ai sun riga sun kore ki!"

"Ka rage murya, Hosaka-san."

"Ba zan rage ba! Ke kika koya mata igiyar nan. Ke kika san abin da zai faru."

"Na sani," in ji ta, idonta ya ciko. "Amma na tambaya, an ce a'a. In na yi, Shugaba za a tuhuma. Da jarida ta fito za su gaya wa uwar, akwai sauran kwanaki kafin a dawo. Za ta rataya mata a gida."

Na ce mata ita dai ba ta da zuciya, saniya ce mai bin igiya. Na faɗa, ba zan ɓoye ba. Daga ranar ba ta ƙara ajiye mini dunƙulen shinkafa ba, ni ma ban nema ba.

Kwana goman ƙarshe na zango, in ta wuce sai in ji wani abu yana ƙas-ƙas a aljihun rigar aikinta. Maƙalai ne. Kullum da su take zuwa, kullum da su take komawa. Sau ɗaya na gan ta a bayan Nagisa, hannunta cikin aljihu, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Sai ƙararrawa ta buga, ta zare hannun ba komai.

Ranar rufe makaranta uwar Nagisa ta zo ɗaukarta da murnarta, ta ce, "Tazawa-san, igiyar hutu fa? Kin san ba ma kwana sai da ita." Ina tsaye a wurin da bokiti. Kimiyo ta shiga aji ta fito da igiya mai maƙalai goma sha biyar, da katin nan na kullum, takalma ƙafa biyu. Wani katin daban zai tona magana, don haka na kullum ta bayar. Nagisa ta karɓa ta rungume a ƙirji. Kimiyo ta sunkuya har ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba, uwar har tana dariya tana cewa, "Kai, sai ka ce ba za mu sake haɗuwa ba."

Jarida ta fito. Shafi huɗu na sunaye, malamai da shugabanni, wane ya koma can, wance ta yi ritaya. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne jarida malamai kawai take bugawa. Masu aikin shekara-shekara irin su Kimiyo ba a lissafa su. Uwar Nagisa ta bi sunayen nan da yatsa har sau biyu, ita ta gaya mini daga baya, ba ta ga Tazawa ba, ta yi ajiyar zuciya ta dafa wa 'yarta abin da take so. Shugaba ya ɗauka malamar aji za ta buga mata waya. Malamar aji kuwa ita ma an mayar da ita wani gari, tana can tana fama da kwalaye. Kimiyo tana gida, ta ɗauka an faɗa, ga shi an ja mata kunne cewa in aiki ya ƙare ba a tuntuɓar iyalan yara.

Ni fa? Na san komai. Gidan su Nagisa tafiyar minti bakwai ne daga nawa. Na zage matar mutane a kan ta yi shiru, ni ma na yi shirun, na ce ba hurumina ba ne. Ranar ɗaya ga Afrilu aka miƙo mini takardar sunayen da za a cire. Na ɗauki wuƙar ɓanɓare fenti na kankare nata. Gam ɗin ya shekara huɗu, da ƙyar ya fita. Takalmanta kuwa ta riga ta kwashe.

Ranar da aka dawo, Nagisa ta shigo zaure da katin a hannu da igiya ba maƙali ko ɗaya. Ta je gurbin ta miƙa hannu kamar kullum, hannun ya faɗa cikin wofi. Ta dubi kati, ta dubi gurbi. Ta sake duban kati. Na shirya jin ihu, da ma ihun ta yi. Shiru ta yi, ta tsaya nan yara suna ture ta suna wucewa, har ƙararrawa ta buga zauren ya zama ba kowa. Shugaba ya fito yana sunkuyawa yana yi wa uwar bayani, fuskar matar ta yi fari fat. Nagisa ta saki katin ya faɗi, ta juya ta fita.

Ba ta ƙara hawa katakon nan ba. An gwada. Sabon malamin ajin saurayi ne mai kirki, amma yara shida gare shi shi kaɗai, ba ya iya zaman zaure. Uwar ta rataya igiya a gida da katin makaranta, yarinyar ta wuce ta gabanta kamar ba ta gani ba. Ta rataya ta likita, haka. Igiya ta mutu, komai ya koma yadda yake tana 'yar shekara shida, har da buga kai. Uwar ta bar aikin wankin kaya.

A watan Yuni na je kamfanin kifi, inda Kimiyo ta koma. Na same ta da takalmin roba har gwiwa, ta rame. Na gaya mata duka, ban rage ba, har da nawa laifin. Wuƙar da ke hannunta ta faɗi cikin kwatami. Ta ce, "Ba a gaya musu ba?" Sau uku tana maimaitawa. Sannan ta ce, "Ka kai ni." Ban tambaye ta doka ba, ita ma ba ta ambata ba.

Ran Lahadi da hantsi na ɗauke ta a 'yar motata ta ɗaukar kaya, tana rungume da kwalin alewar ban haƙuri. Uwar ta buɗe ƙofa, ta daɗe tana kallon ta. Ta ce, "Da kin gaya mini, Tazawa-san. Ko a kunne." Kimiyo ta tuɓe takalmi ta hau katakon gidan, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa, ba ta ce komai ba sai haƙuri. Nagisa tana ƙarshen baranda, ta juya mana baya.

Sai Kimiyo ta sa hannu a aljihu ta fito da igiya. Maƙalan nan goma ne, a jere. A ƙarshe akwai katin da ta zana tun watan Maris ba ta bayar ba: ƙananan takalma ƙafa ɗaya su kaɗai a kanta, gefe guda kuma wata mata mai kama da kaguwa tana ɗaga hannu. Ta shimfiɗa igiyar a ƙasa.

"Nagisa-chan," in ji ta, "wannan ne na gaskiya. Wancan ƙarya na ba ki. Ni na yi, ba igiya ba."

Yarinyar ta juyo a hankali, ta zo ta tsuguna. Ta ɗauki katin ta kawo shi dab da fuska, ta daɗe. Sai ta kama cire maƙalai, ɗaya bayan ɗaya, ba hutawa, tana ajiye kowanne a cinyar Kimiyo, har goma. Ta miƙe ta sauka bakin ƙofa, ta ɗauki takalman Kimiyo ta jera su baki ɗaya suna fuskantar waje, ta tsaya tana jira. Nata suna nan gefe, ba ta taɓa su ba.

Kimiyo ta tashi ta zura ƙafa, hagu farko. Nagisa ta ɗaga mata hannu, daidai yadda aka zana a katin, ba ta kalle ta ba. Ta koma ƙarshen baranda ta juya baya.

A mota Kimiyo ba ta yi kuka ba sai da muka wuce gada. Maƙalan suna cikin tafin hannunta. Ta ce, "Ka gani ko, Hosaka-san? Ta gane. Da ta iya. Da na ba ta kwana goman nan, da ta iya." Na tsayar da mota a gefen gonar shinkafa, don ni ma ba na ganin hanya. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, na masu yanke kasafi ne, kuma gaskiya ne, amma bakin nan nawa da ya fi guduma aiki ya ƙi buɗuwa.

Bana ya kamata Nagisa ta gama aji shida. Sunanta yana nan a kantar takalma, kowane Afrilu ina sabunta shi, fararen takalmanta suna ciki, sun yi mata kaɗan tuntuni. Gurbin da ke kusa da nata sau biyu ana ba ni sunan wani yaro in liƙa, sau biyu ina cewa katakon ya ruɓe. Ƙarya nake yi, lafiyarsa ƙalau.